Kada A Zaunar Da Uwa A Kan Tabarma

A ƙasar Hausa akwai wata kyakkyawar ɗabi'a wadda kowa ke alfahari da ita. Da zarar mace ta aurar da ɗanta na fari, suruka ta tare, sai a ce uwar gida ta gama wahala. A karɓe mata taɓarya da guga da tsintsiya, a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, abinci ya iske ta a zaune, ko buta za ta ɗauka sai jika ya yi wuf ya riga ta. Ɗan da ya bar mahaifiyarsa tana daka bayan ya yi aure kuwa, to ya shiga bakin duniya. Ba shakka ladabi ne da neman albarka suka kawo wannan, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina girmama iyaye.

Amma fa akwai abin dubawa. Shekarun da ake zaunar da uwa, watau wajen 45 zuwa 55, su ne daidai shekarun da jinin al'ada ke ɗauke wa yawancin mata, su ne kuma shekarun da ƙashinta da tsokarta suka fi bukatar aiki. Binciken da likitoci suka yi ta yi tun daga 1990 ya tabbatar da cewa macen da ta kai wannan mataki, in tana son ta tsufa da ƙafafunta, lalle ne ta riƙa ɗaga abu mai nauyi bisa tsari, aƙalla sau biyu a mako. Ashe ke nan hutun da muke ba iyayenmu mata don ƙauna yana iya zama sanadin da zai kwantar da su tun lokaci bai yi ba.

Abin Da Ke Faruwa A Jiki

Likitoci suna cewa al'ada ta ɗauke idan mace ta cika wata 12 a jere ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba kuma wata cuta ce ta tsai da shi ba. Wannan ba ciwo ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma sammun kishiya ba, kamar yadda wasu ke zato. Ƙwan haihuwar da ke marar mace ne ya ƙare, sai jikinta ya rage yin wani sinadari mai yawo cikin jini wanda ake kira istirojin.

Wasu alamun a fili suke. Mace kan ji zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska ba zato ba tsammani, ta jiƙe sharkaf da zufa cikin dare ko da hunturu ne, barci ya ƙaurace mata, gaɓoɓi su yi ta ciwo, abu kaɗan ya ɓata mata rai, teɓa ta fito ko da ba ta ƙara cin abinci ba. Wani babban bincike da aka fara a Amurka cikin 1996 a kan mata 3,302 ya nuna, a sakamakon da aka buga cikin 2015, cewa daga cikin matan da zafin nan ke yawan taso wa, rabinsu sun haura shekara 7 suna fama da shi.

Sai dai ɓarnar da ta fi girma a ɓoye take. Kullum jikin ɗan Adam yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, kamar maigidan da ke kankare katangarsa yana sake yaɓe bayan kowace damina. Istirojin shi ne ke hana rushewar ta fi ginin sauri. Idan ya janye, sai a yi ta kankara, yaɓe kuwa bai isa ba. Wani likita na birnin Boston a Amurka, Fuller Albright, shi ne ya bayyana wannan dangantaka cikin 1941. A shekara 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada, mace kan iya rasa har kashi 10 cikin 100 na ƙwarin ƙashinta, ba tare da ta ji ko ɗan ciwo ba. Ƙashin ya zama kamar azarar da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk ramuka.

Ba a kan gane ba sai ranar da santsi ya kwashe ta a bakin rijiya ko a banɗaki, wuyan hannu ko ƙugu ya karye. Wani lokaci ma ƙasusuwan gadon baya ne ke lotsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ake ganin tsohuwa ta rankwafa, tsawonta ya ragu. Gidauniyar duniya mai yaƙi da wannan cuta ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka wuce shekara 50 za ta sami irin wannan karaya a sauran rayuwarta. Karayar ƙugu ita ce mafi muni, domin kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka same ta ba sa kai shekara guda a raye.

Tsoka ma ba a bar ta a baya ba. Tun daga shekara 30 mutum kan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara 10, abin kuma ya ƙara sauri bayan shekara 60. Tsokar cinya da ta ɗuwawu su ne ke tayar da mutum daga sujada, su ɗaga shi daga tsugunne, su tare shi idan ya yi tuntuɓe. Har ila yau tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, saboda haka raguwarta na buɗe wa ciwon sukari ƙofa. Lamarin kuwa ba na mutum kaɗan ba ne: Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce cikin 2021 matan da suka kai shekara 50 ko fiye sun kai kashi 26 cikin 100 na dukkan mata da 'yan mata na duniya.

Ƙashi Abu Ne Mai Rai

Cikin 1892 wani likitan fiɗa Bajamushe, Julius Wolff, ya wallafa littafi inda ya nuna cewa ƙashi yana sake siffarsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. In an ɗora masa kaya ya yi kauri, in an sauke masa ya zaizaye. 'Yan sama jannati sun zama shaida a kan haka, domin a can inda jiki ba shi da nauyi sukan rasa kashi 1 zuwa 1 da rabi cikin 100 na ƙwarin ƙashin ƙugu da na baya a kowane wata, alhali kuwa majiya ƙarfi ne masu ƙoshin lafiya.

Akwai wata shaidar da za ta fi ba mai karatu sha'awa. Cikin 2017 wata malama a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Alison Macintosh, ta gwada ƙasusuwan matan manoma da suka rayu a tsakiyar Turai wajen shekara 7,000 da suka wuce, da na 'yan matan jami'ar masu gasar tuƙin kwalekwale. Sai ga shi ƙashin dantsen matan dā ya fi na 'yan wasan ƙwari da kashi 11 zuwa 16 cikin 100. Babban dalilin da masu binciken suka kawo shi ne niƙan hatsi a kan dutse, wanda mace kan shafe sa'o'i tana yi kowace rana. Wanda duk ya taɓa ganin kakarsa durƙushe a gaban dutsen niƙa da asuba ya san irin aikin da ake nufi.

To, yau injin niƙa ya karɓi aikin dutse da na turmi, famfo da 'yan garuwa sun karɓi na guga, babur mai ƙafa uku ya karɓi na ƙafa. Wannan ci gaba ne, kuma babu mai fatan a mai da mata cikin waccan wahala da ta tsufar da kakanninmu tun da ƙuruciyarsu. Abin lura shi ne, nauyin da aikin yau da kullum ya daina ɗora wa jiki, tilas a nemo wata hanya ta mai da shi, gwargwadon da zai yi amfani ba tare da ya cutar ba.

Abin Da Aka Gwada Aka Gani

Dā likitoci kansu tsoro suke ji, suna ganin tsofaffi ba su da abin yi sai tattaki da miƙe gaɓoɓi. Wata likita, Maria Fiatarone, ta taimaka wajen warware wannan tsoro cikin 1990. Ta ɗauki tsofaffi 10 daga wani gidan kula da tsofaffi a Boston, masu shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, watau ya kusa ninkawa uku.

Cikin 1994 kuma Miriam Nelson ta Jami'ar Tufts ta buga sakamakon gwajin da ta yi da mata 40 masu shekara 50 zuwa 70, waɗanda duk al'ada ta ɗauke musu. Rabinsu sun yi ta ɗaga nauyi sau biyu a mako har shekara guda, sauran suka ci gaba da zamansu yadda suka saba. A ƙarshe ƙwarin ƙashin baya da na ƙugu na masu horon ya ƙaru da kimanin kashi 1 cikin 100, na waɗanda suka zauna kuwa ya ragu da wajen kashi 2. Bayan haka masu horon sun ƙara tsoka, tsayuwarsu kuma ta ƙara daidaita.

A ƙasar Ostireliya, Farfesa Belinda Beck ta Jami'ar Griffith da abokan aikinta sun ƙara matsawa gaba. Sun tara mata 101 waɗanda ƙashinsu ya riga ya fara zaizayewa, suka sa rabinsu ɗaga ƙarfe mai nauyi ƙwarai na minti 30, sau biyu a mako, har wata 8, kowane lokaci a gaban ƙwararren mai horarwa. Sakamakon da aka buga cikin 2018 ya nuna ƙwarin ƙashin bayansu ya ƙaru da kashi 2.9 cikin 100, na sauran da suka yi ɗan motsi mai sauƙi a gida ya ragu da kashi 1.2. Babu wadda ta karye, matsala ɗaya tak aka samu, ita ce wata da bayanta ya ɗan riƙe.

Ko zafin nan mai tasowa ma an ga alamar sauƙinsa. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Linshopin ta ƙasar Suwidin, wanda aka buga cikin 2019, matan da suka yi horon ƙarfi sau uku a mako na mako 15, yawan tasowar zafin ya ragu musu da kusan kashi 44 cikin 100.

Uzurorin Da Akan Kawo

Wata za ta ce ai aikin gida ya ishe ta motsa jiki. Shara da wanke-wanke da girki suna gajiyarwa, gaskiya ne, amma gajiya daban, ƙarfafa ƙashi daban. Ƙashi da tsoka ba sa ƙaruwa sai an ɗora musu abin da ya ɗara wanda suka saba. Tafiyar ƙasa ma tana da amfani ƙwarai ga zuciya da hawan jini, sai dai ita kaɗai ba ta isa ta gina dantse da gadon baya ba. Macen karkara wadda har yanzu take daka da ɗaukar itace ta fi ta birni ƙarfi, amma ita ma tana bukatar a koya mata yadda za ta ɗaga kaya ba ta ɓata bayanta ba, ta kuma sami abincin da zai biya abin da aikin ke ci.

Wata kuma tsoronta kada ta yi ƙwanji kamar ɗan dambe. Wannan ba zai faru ba, domin sinadarin da ke kumbura tsokar namiji ya ninka na mace fiye da sau 10. Abin da za ta samu shi ne jiki mai ɗaurewa da sauƙin tashi da zama.

Game da masu ganin abin bai dace da mutuncin mace ba, ya ishe mu tunawa da ruwayar da Abu Dawuda ya kawo, cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har sau biyu. Sa'an nan ibada kanta da ƙarfi ake yin ta. Hajiyar da za ta yi Safa da Marwa, tafiyar kimanin kilomita 3 ce ke gabanta, ban da ɗawafi da jifa. Mata nawa ne suka koma salla a kan kujera tun ba su kai shekara 60 ba?

Yadda Ake Yi

Cikin 2020 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowane baligi ya yi motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, na minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma yi horon ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa na kwana uku, don gudun faɗuwa.

Mai farawa ba ta bukatar wani gidan wasanni. Tsakar gida ta isa, da kujera mai ƙwari, da bango, da jarka. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka jarka mai lita 20 ma'auni ce da kanta, ana iya farawa da lita 3 ko 5 a yi ta ƙarawa. Motsin da ake bukata guda shida ne. Na farko, zama a kujera da tashi ba tare da dafa gwiwa ba. Na biyu, ɗaga jarka daga ƙasa, a tura ƙugu baya, a lanƙwasa gwiwa, gadon baya kuwa a miƙe. Na uku, a dafa bango da tafin hannu biyu, a kai ƙirji kusa da shi, a tura jiki baya. Na huɗu, a ɗaura robar cikin tayar keke a wani ginshiƙi mai ƙwari a jawo ta zuwa ciki. Na biyar, ɗaga gorar ruwa a kowane hannu daga kafaɗa zuwa sama da kai. Na shida, a ɗauki kaya a hannu biyu a yi taku 20 zuwa 30 da ƙirji a buɗe. A rufe da tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango.

Kowane motsi a yi shi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake, har zagaye biyu ko uku. A bar kwana guda tsakanin horo da horo, domin a lokacin hutun ne tsoka ke ginuwa. Kada a riƙe numfashi, a fitar da shi yayin ɗagawa. Asirin abin duka yana ga ƙari: ranar da sau 12 ya zama wasa, sai a ƙara lita ɗaya. Wadda ta shekara tana ɗaga nauyin da ta fara da shi, jikinta ya daina koyon kome. Sannu ba ta hana zuwa, amma tilas a riƙa matsawa.

Akwai gwaji mai sauƙi da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke amfani da shi. Mace ta zauna a kujera, ta harɗe hannuwa a ƙirji, a ƙidaya sau nawa za ta miƙe tsaye sosai cikin daƙiƙa 30. Mai shekara 60 zuwa 64 da ta kasa kai 12, ƙafafunta sun yi rauni, kuma tana cikin haɗarin faɗuwa. A rubuta adadin, a sake gwadawa bayan wata biyu.

Abinci Da Hattara

Magini ba ya gini sai da ƙasa. Masana abinci suna ba tsofaffi shawarar cin abinci mai gina jiki giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsu a rana, watau mai kilo 60 tana bukatar giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Wake, gyaɗa, ƙuliƙuli, awara, kifi, nama da nono duk suna bayarwa. Ƙashi kuma yana son sinadarin kalsiyam, wanda ake samu a nono da kindirmo, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, riɗi, tamba, zogale da kuka. Hasken rana a fata shi ke sa jiki ya yi bitamin D mai taimakon shigar kalsiyam, don haka macen da ke wuni a ɗaki ta riƙa fitowa tsakar gida da hantsi. Ɗabi'ar nan ta uwa ta tsame naman miya ta ba jikoki, ita ta ci gayan tuwo, ya kamata a dube ta da kyau.

Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ko wadda ta taɓa karyewa, ko wadda mahaifarta ta zazzago, ta ga likita kafin ta fara. Wadda aka tabbatar ƙashinta ya zaizaye kada ta sunkuya da baya a lanƙwashe tana riƙe da kaya, kada kuma ta murɗa ƙugu da ƙarfi. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba kome ba ne, amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko zafi mai suka a gaɓa, alama ce ta a dakata. Macen da fitsari ke ɗigo mata in ta yi tari ko ta ɗaga kaya, abin da ya yawaita ga masu haihuwa da yawa, akwai atisayen matse tsokar ƙasan mara da likita Arnold Kegel ya bayyana cikin 1948, ungozomar asibiti na iya koya mata. Ganin jini bayan al'ada ta shekara da ɗaukewa kuwa, wannan sai asibiti ba tare da jinkiri ba. Horo ba ya maye gurbin magani, akwai magungunan ƙarfafa ƙashi da na mai da istirojin waɗanda likita ne kaɗai zai ce wa suka dace da ita.

Su Wa Za Su Koyar?

Gwajin Ostireliya ya yi nasara ne domin akwai ido a kan kowace mace. Mai horarwa ta ƙwarai takan fara da tambayar tarihin lafiyar ɗalibarta, ta koya mata tsayuwa da riƙo kafin ta ba ta nauyi, ta rubuta abin da aka ɗaga kowace rana, ta kuma san lokacin da za ta ce a tafi asibiti. Ba ta auna nasara da sikeli, ba ta kuma tallar shayin rage ƙiba. Ma'auninta shi ne abin da ɗalibar ke iya yi yau wanda ba ta iya ba watan jiya.

A wurinmu tilas masu koyarwar su zama mata, domin mafi yawan magidanta ba za su yarda namiji ya horar da iyalinsu ba, matan ma ba za su sake ba. Jami'ar Bayero ta Kano tana yaye masu gashin ƙashi, kwalejojin ilmi kuma suna yaye malaman wasanni da kiwon lafiya, cikinsu har da mata. Wuraren haɗuwa ma akwai su: makarantun Islamiyya na matan aure, ƙungiyoyin adashi, da asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni. Abin da ya rage shi ne ma'aikatun lafiya na jihohi da ƙananan hukumomi su haɗa waɗannan da waɗancan, su ware sa'a guda sau biyu a mako. Kuɗin kujeru da jarkoki bai kai na ɗaurin ƙugu guda ɗaya a asibitin ƙashi ba. Gidajen rediyo kuma su yi amfani da ran 18 ga Oktoba, ranar da duniya ta keɓe don batun ɗaukewar al'ada, da ran 20 ga wata, ta zaizayewar ƙashi, su faɗakar da jama'a cikin harshen da suke ji.

Sauran aiki yana ga 'ya'ya da mazaje. Mace mai shekara 50 na iya samun wasu shekaru 25 ko 30 a gaba, in Allah ya yi mata tsawon rai, kuma a shekarun farkon nan ne ake yanke yadda sauran za su kasance. A sauke wa uwa wahalar da ke cin rai, amma a bar mata tafiyarta zuwa unguwa, a bar ta ta ɗauki butarta, a saya mata nono da ƙwai, a nemo mata wadda za ta koya mata ɗaga nauyi. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Allah ya ba iyayenmu lafiya da tsufa mai albarka, amin.